Na Ƙaga wa Abokina Dangi a Faransa, Tsohonsa Ya Yarda

Assalamu alaikum mai shafi, da ku 'yan'uwa masu karatu. Gaisuwa daga nan Guangzhou ta ƙasar Sin. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku zare min takubba ku bari in kai ƙarshe. Duk zagin da za ku yi min na riga na yi wa kaina shi har da gyara. Shawara nake nema.

Ni Bakano ne, na ɗan haura hamsin, sana'ata takalma. Na daɗe ina saye a kasuwar Zhanxi Lu ina turawa gida. Duk wanda ya san ni ya san bakina. In na ga kyankyaso a ɗakin otal, kafin in sauko ƙasa ya zama kada. In ɗan China ya yi min ragi kaɗan, a majalisa sai in ce ya ba ni shagon kyauta ya haɗa min da mukulli. Kowa ya saba, a yi dariya, a zubar da tara cikin goma na maganata a riƙe ɗaya. Ban taɓa kiran wannan ƙarya ba, gishiri nake ce masa. To gishirin nan ne yau ya hana ni cin abinci, ni da ake cewa in na zauna gaban tire sai mai gidan abinci ya fara salati.

Ina da aboki, bari in kira shi Isuhu, mutumin Damagaram ta Nijar, yana sayen tufafi a kasuwar Shahe. Kun san wasan da ke tsakanin Bakano da Badamagare, to mu namu ya wuce wasa ya zama 'yan'uwantaka. Lokacin da na kwanta ciwo a garin nan shi ya yi jinyata, shi ya dinga dama min kunu a tukunyar lantarki. Mutum ne dogo, fari, mai shiru-shiru, maganarsa a yini ba ta cika cokali ba. A fasfonsa akwai sunan Faransawa, Fournier, mu muna cewa Furniye. Sau ɗaya tak ya taɓa ba ni labarin sunan, wata Juma'a muna dawowa daga masallaci. Kakansa Bature ne da ya yi aiki a Damagaram zamanin mulkin mallaka. Ya haifi ɗa da wata mata ta garin, ya sa an rubuta sunansa a takardar haihuwa, da yaron ya kai shekara huɗu ya hau mota ya tafi, ko waiwaye. Yaron nan shi ne mahaifin Isuhu, muna ce masa Baba, yanzu ya haura tamanin. Ya tashi ana nuna shi da baki ana cewa ɗan da Nasara ya yar. Ya zama tela, ya yi karatun addini, ya tara iyali, amma a ƙofar gidansa ba mai kiran sunan nan sai mai neman faɗa. Duk na san wannan. Ku riƙe shi, domin shi ne ya hana ni samun uzuri.

A baje kolin Pazhou na bazarar bana, inda kowa ke yawo da kati rataye a wuya mai hotonsa da sunansa, ina layin abinci sai ga wani Bature a gabana, gajere, mai tumbi, sanƙonsa na ƙyalli kamar an goge shi da man takalmi. Da ya juyo idona ya faɗa kan katinsa: Fournier. Na dafa kafaɗarsa, na kama shi da guntun Turancina na kasuwa, na ce ina da aboki a Nijar mai irin sunansa, ko danginsu ɗaya? Ya yi dariya har tumbin na rawa. Ya ce, "Abokina, sunan nan a ƙasarmu kamar ciyawa yake. Ma'anarsa mai tanda, wato mutumin da a zamanin da yake kula da tandar gari, kowa ya kawo kwaɓinsa ya gasa masa burodi. Kowane ƙauye da tandarsa, kowace tanda da mai ita, to kai lissafa. Muna Faransa, muna Suwizalan, muna Kanada, ba mu san juna ba. Ni kakannina ba wanda ya taɓa tsallake teku, shanu kawai suka sani." Muka ɗauki hoto tare, ya ba ni katin kamfaninsa, laima ya zo saye. Bayan na gama cin nama na sakace haƙori da gefen katin na jefa shi a shara. Wallahi haka aka yi.

Da la'asar na iske mutanenmu a gidan abincin da muke taruwa, Isuhu na cikinsu. Tun daga ƙofa na ɗaga waya sama na ce, "Badamagare, miƙe ka gaishe ni, yau na gano maka ɗan'uwanka!" Na nuna hoton, na ce a dubi hancin nan a dubi na Isuhu, alhali hancin Baturen kamar dankali yake. Aka fashe da dariya. Da na ga kasuwa ta buɗe sai na ƙara wuta: ai sunan manyan mutane ne, gidansu har da hasumiya, gonar inabinsu mota sai ta yini ba ta ƙure ta ba. Maganar tanda da burodi kuwa na haɗiye ta, don ba ta da armashi. Kowa na dariya ban da Isuhu. Ya dube ni ya ce a hankali, "Alaji, ka ce mishi Damagaram?"

Jama'a, a nan ne ya kamata in ce, "Kai rabu da ni, tsokana ce, jikan mai burodi kawai." Da an yi dariya, ya rama da zancen tsoron Kanawa, an tashi lafiya. Me ya hana ni? Idanu goma na kaina, labari ya yi daɗi, kuma ni ban iya sauka daga labari a tsakiya ba. Sai na ji bakina yana cewa, "Na ce masa mana! Yana jin Damagaram ya nemi kujera ya zauna. Ya ce ƙanen kakansa ya yi aiki a can, ya koma gida bai ƙara aure ba, har ya mutu yana cewa ya bar ɗa a Afirka. Wasiƙa kuwa ya rubuta ta fi cikin buhu, ba amsa."

Isuhu ya ajiye cokali. Ya ce, "Turo mini hoton." Na tura, ya fita waje. Ni a zatona fushi ya yi, har ina shirya yadda zan lallashe shi. Can sai ga shi ya dawo idanunsa jawur, ya miƙo min waya, ga fuskar tsohonsa ta cika ta, farin gemu, tabarau mai kauri.

"Ɗana, kai ne ka gan shi?"

"Ni ne, Baba. Ina wuni?"

"Ya ce wasiƙa ya rubuto?"

Na dubi Isuhu, na dubi tsohon. Na ce, "Haka ya ce, Baba."

Tsohon ya gyara zama. Sai ya cire tabarau ya ce, "Ashe ya neme ni." Ya sake faɗa. Ya kuma sake. Sannan ya shiga sa min albarka, ni da 'ya'yana da jikokin da ban haifa ba, ni kuwa ina ta amin.

Na ce gobe zan faɗa wa Isuhu gaskiya. Goben nan yau wata shida ke nan. Ta yaya zan faɗa, alhali kullum da sabon albishir yake zuwa min? Wai Baba ya sa an wanke hoton, ni da Baturen laima, an rataye a ɗakinsa. Wai mutumin da ya daina fita sai Juma'a yanzu kullum yana ƙofar gida da hantsi. Wai ya tara jikokinsa ya ce musu, "Ba yar da ni aka yi ba, wasiƙu ne ba su iso ba." Wai ya ce daga yau duk mai son kiran sunan nan a ƙofarsa ya kira da ƙarfi. Isuhu kansa, mai shirun nan, ya koma mai hira. Ran nan na ji shi a Shahe yana gaya wa mai shago, wanda a nan ake kira lawban, "Lawban, rubuta sunan daidai, sunan kakana ne." Da kuwa suna ɗaya yake bayarwa ya yi gaba.

Kuma ƙarya ba ta zama ita kaɗai, sai ta nemi abokiyar zama. Ya ce in ba shi lambar Baturen, na ce Turawa ba sa son a raba lambarsu, ya fi so a haɗu ido da ido a baje kolin da za a sake yi lokacin kaka. Ya ce yana dai lafiya? Na ce ƙalau, yana gaishe da Baba. Da Sallah ma, Allah ya yafe min, ni na ƙaga masa barka da Sallah daga Faransa.

Kada ku ce ban nemi mutumin ba. Na neme shi kamar na yi hauka. Na rubuta sunan a waya, fuskoki suka zubo kamar an kwance buhun gero: likita, ɗan ƙwallo, mai gyaran famfo, wata tsohuwa mai kiwon zuma, wasu a Faransa, wasu a Kanada, har da inda ban taɓa jin sunansa ba. Abin da ya gaya min gaskiya ne tsaf, har zancen tandar. Neman Furniye ɗaya a cikinsu kamar ka shiga Kwari ne ka ce a nuna maka Alhaji Sani mai atamfa. Na koma Pazhou na nuna wa wata ma'aikaciya hoton, ta girgiza kai ta ce "meyo", wato babu. To ko na same shi ma, me zai ce? Shanu zai ce.

Makon jiya saƙo ya iso daga Damagaram ta hannun wani ɗan kasuwa. Isuhu ya kawo min har masaukina, ya buɗe a gabana da hannu biyu. Hula ce da Baba ya ɗinka da kansa duk da idon nan nasa, da ƙullin kilishi, da wasiƙa da Faransanci da ya yi shifta jikarsa ta rubuta. A ƙasa kuma, cikin tsumma, wani ɗan ƙaramin cokali da ya yi baƙi don tsufa, da haruffa biyu a jikin mariƙinsa. Isuhu ya ce shi kansa bai taɓa ganin cokalin ba sai yanzu. Da shi Baturen da ya haifi Baba yake ba shi abinci yana yaro, mahaifiyarsa ta ɓoye, shi ma ya ɓoye bayan rasuwarta. Baba ya ce a nuna wa dangi, don su tabbata shi ne yaron. Isuhu ya ce, "Alaji, ajiye a wurinka, kai ne ka buɗe ƙofar ga, kai za ka miƙa." Yanzu haka cokalin yana cikin akwatina. In na buɗe don ɗaukar riga sai in rufe ido.

Shaiɗan ma ya kawo min tasa shawarar. Akwai Turawa a garin nan da ake ɗauka haya su sa kwat su tsaya a taron kamfani. Ya ce nemi mai sanƙo da tumbi, ka koya masa labarin, ya karɓi hula ya yi hawaye, kowa ya huta. Har na fara tambaya a ƙasa-ƙasa, sai na tuna cokalin zai shiga hannun ɗan haya, na fasa nan take.

Saura kwana tara a buɗe baje kolin kaka. Isuhu ya riga ya karɓi katinsa na shiga, ya ɗinka sabuwar shadda. Shekaranjiya bayan azahar Baba ya sa aka kira ni. Muryarsa ta yi ƙasa sosai, Isuhu ya ce jikin sai a hankali. Ya ce, "Ɗana, ba na son gonar inabinsu, ba na son komi nasu. Abu guda za ka tambayo mini. Akwai wani suna da mahaifina yake kirana da shi, ba wanda uwata ta raɗa mini ba, nasu na can. Ina tuna ya ɗora ni a wuya yana kirana, ina tuna warin tabarsa, amma sunan ya ɓace mini. Tun ina saurayi nake nemansa a kaina. Tunda ya yi ta maganata har ya mutu, ai ɗan'uwan nan nawa ya sani. Ka tambayo mini kafin in tafi."

Kun san abin da ya fi ba ni tsoro? Kafin tsohon nan ya rufe baki, bakina ya riga ya shirya masa suna uku, yana zaɓen wanda ya fi daɗi. Da ƙyar na cije harshe na ce, "In sha Allahu, Baba."

In na faɗi gaskiya, na mayar da mutum mai shekara tamanin ɗan da aka yar, karo na biyu, kuma wannan karon da hannuna, a gaban jikokin da ya tara ya yi wa albishir. In na yi shiru na ba shi suna, zai tafi kabari da sunan da Bakano mai takalma ya ƙaga a Zhanxi Lu, yana sa min albarka a kai. Isuhu kuwa ko ta ina na bi sai na dubi idonsa ranar da za mu shiga Pazhou, shi da sabuwar shadda, ni da cokali a aljihu.

Don girman Allah, masu ilimi da masu iyaye tsofaffi, ku gaya min. Me zan yi?