Gwajin Hannun Buba

Dangora, ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Dikko, tela a Fagge, Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali.

Yaya, hankalina a tashe yake. Ka san maigidana ya faɗo daga ɗorawa ya karye a hannun dama. Maɗori ya ɗaure shi da karan dawa, aka daɗe ba a kwance ba. Da aka kwance sai ga yatsu sun lanƙwashe, ga farin tabo a dantse. Yanzu a gari ba a maganar komai sai kuturta. Jiya a rijiya maƙwabciyata Saude ta janye guganta don kada ya taɓa nawa. An hana yara wasa da 'yarmu Tani.

Baffanmu ya ce ba zai zauna a laƙaba wa mijin 'yarsa wannan suna ba, gobe zai kawo shi asibiti da kansa. Don Allah ka tare su, ka rubuto mini gaskiya ko da ba daɗi.

Ƙanwarka, Furera.

Fagge, ranar Asabar

Furera,

Wa'alaikumus salam. Na so in fara da tsokanarki kamar kullum, amma bakina ya mutu.

An duba mijinki Buba. Likita ya ce in yatsun ƙagewa kawai suka yi, akwai ɗakin da ake gasa hannu ana mommotsa shi har ya miƙe. Amma sai an gwada jijiya tukuna, don kuturta ji take fara kashewa. Aka ɗaure masa ido da ƙyalle, Baffa na zaune kusa da shi yana jan carbi. Aka soka masa allura a tabon. Tafinta ya ce, "Da zafi?" Ya ce, "Babu." Aka ɗora kwalba mai ruwan zafi. "Babu." Sai aka jawo wani akwati mai wayoyi aka sakar masa lantarki. Na ga naman hannun yana tsalle, ni da ke tsaye sai da tsikar jikina ta tashi, shi ko gezau.

Likita ya girgiza kai. Za a sake ranar Alhamis. In haka aka kuma gani, sansanin kutare za a tura shi, kuma za a zo a duba ki ke da Tani. Tsoro nake ji, Furera. Tun ranar Baffa bai ci abin kirki ba.

Ki yi ta addu'a. Yayanki, Dikko.

Dangora, ranar Litinin

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Da na karanta takardarka zama na yi daɓas a tsakar gida, na rungume Tani ina kuka har ta tsorata. Sai da na sake karantawa na tsaya a wuri ɗaya. Ka ce Baffa na zaune kusa da shi?

Haba Yaya! Kai ka daɗe a birni. Mutumin da ko ruwa ba ya sha a gaban Baffa, shi zai ce "wayyo" a gabansa? Da damina kunama ta harbe shi yana durƙushe yana gaida Baffa, sai da ya gama tambayar gida da gona da dabbobi sannan ya tashi. Da ya shigo ɗaki kuwa, birgima ya yi ta yi yana cizon tabarma.

Ban ce na tabbata ba. Wataƙila da gaske ba ya ji, kuma wannan tunanin ya hana ni sakat. Amma ina roƙonka don girman Allah, ranar Alhamis ka fitar da Baffa daga ɗakin nan. Na san ba ka taɓa ce masa tashi ba. Ka ce masa yanzu. In sun tafi da maigidana ban san inda zan sa kaina ba.

Taka cikin fargaba, Furera.

Fagge, ranar Alhamis

Furera,

Salamun alaiki. Na durƙusa na roƙi Baffa ya fita. Ya ɗauki takalmansa ya fita.

Allurar farko mijinki ya zabga ihun da ya sa tafinta ya yi baya. Ba kuturta ba ce. Ranar Asabar za a fara gashin hannun.

Na tarar da Baffa a gindin taga yana share ido da hannun riga. Ya sa na yi alkawarin har abada Buba ba zai san ihun ya kai kunnensa ba. Ke ma ki riƙe bakinki.

Wassalam. Dikko.