Katin da Na Ɗauka Izini Ne

Zuwa ga Alhaji, shugaban ƙungiyar dillalan gidaje ta unguwarmu, Birketeri, a Yawunde.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da girmamawa, ina tambayar iyali da jama'a.

Ni ce Hawwa'u, mai nema wa mata ɗakin haya. Tun da rikici ya fara koro mutanenmu daga arewa nake wannan aiki, don ni ke shiga inda namiji ba ya shiga. In leƙa rijiya, in duba ina alƙibla take, in ɗan zauna in ji ko matan gidan masu haƙuri ne. Wani ɗakin ina tsaye cikinsa ba ko tabarma, sai in ga kamar har an ɗaura labule, turaren wuta na tashi, ruwan Yawunde na sauka a kan kwano, mai ɗakin ta miƙe ƙafa ta manta ta taɓa gudu.

Ga abin da ke tafe da ni. Na farko: ranar da kuka ba ni kati mai hotona da hatimi, ba wanda ya ce mini shaidar shiga ƙungiya ce kawai. Allo na yi, ban yi lekol, wato boko, ba, Faransancin da ke jiki ba na karanta shi. Na riƙa nuna wa mata ina cewa hukuma ta san da ni.

Na biyu: ranar Larabar da ta wuce, a unguwar Madagaskar, wani mai gida ya juya katin gaba da baya, ya ce izinin dillanci gwamnati ke bayarwa, ba ƙungiya ba. Ya hana ɗakin. Matar da na kai, Inna Fanta, kwanan nan ta fita takaba, tana tsaye da ƙullin kayanta a ka. Har yau a madafar wata 'yar garinsu take shimfiɗa.

Na uku: na bi gida-gida na janye maganata wurin duk wadda na tuna na nuna wa katin. Wasu sun yi dariya. Ni dai na ajiye aikin, don ban san yadda zan amsa wannan gobe ƙiyama ba.

Roƙona, ranka ya daɗe, a tara mu a faɗa da Hausa da Fillanci abin da katin nan yake da abin da ba shi ba ne. A nuna mana ƙofar da ake neman izinin, in ana ba irina. Kafin nan, a tura mai izini na gaskiya ya tsaya wa Inna Fanta. Ɗakin na nan ba kowa, na wuce jiya na ga tagarsa a buɗe.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka sauke amanar nan da sauƙi.

Wassalam.
Hawwa'u