Gonar Tumfure daga Sama

Hamma Bappayo,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Inno da Adda Fanta da yara. Ni ma lafiya lau nake a nan Brazil. Idona ne dai yake ɗan matsa mini saboda kallon kwamfuta, amma kada Inno ta ji.

Ka san aikina: jirgi marar matuƙi ya ɗauko hoton dajin bishiyar turare daga sama, ni kuma in auna inda ganye ya rufe ƙasa da inda ya buɗe. Kullum gonakin wasu nake aunawa, shi ne na roƙi Nabil mai bidiyon biki ya ɗaga nasa jirgin a kan gonarmu ta Tumfure, ya turo mini hoton.

Haba Hamma! Wata shida kana turo mini hoto daga bakin hanya, bishiyoyi reras, kana cewa komai lafiya. Ashe layi biyu na gefe ka bari, tsakiya kuwa an sare tas, Nabil ya ce masu gini ne suka kwashe. Ko kashi ɗaya cikin huɗu bai rage ba. Ni za ka ɓoye wa? Da hannunsa marigayi Baba ya dasa su, ina biye da shi da bokiti.

Don Allah kada a sake taɓa ko reshe. A kewaye wurin saboda awaki, kututturan za su toho. Allah ya jiƙan Baba.

Ka gaishe da Inno. Na san ita ma a bakin hanya kake tsayar da ita.

Ƙanwarka,
Iklima