Agogon da Ba Ya Ƙirga Sakan

Zuwa ga Auta, ƙanin mijina kuma abokin faɗana,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Yaya jikinka, yaya ƙanwata da yara, yaya shago da masu kawo ɗinki? Ina fata zaman keke bai ƙarasa maka bayan nan naka ba. Mu nan sai godiyar Allah.

Na ɗauki biro ne don waya ta gaza. In na kira ka, sai ka jero mini "sannu, Allah ya ƙara sauƙi", kafin in buɗe baki ka ce ga mai karɓar ɗinki ya shigo. To, ita takarda ba mai shigowa ya katse ta.

An sallamo yayanka Koci daga asibiti ranar Litinin. Ɓarin hagu ne ya shanye, kamar yadda na gaya maka. Bakin ya dawo, kuma ka san bakin Koci, in ya dawo da kayansa yake dawowa. Ƙafar tana ja amma tana ɗaukarsa da sanda. Hannun yana ɗaguwa zuwa ƙirji. Yatsun ne har yanzu kamar na aro. Mun sauko masa da gado ƙaramin ɗakin da ke kusa da falo, don matakala ta fi ƙarfinsa. Akwai wata likitar gashi da ke zuwa sau uku a mako tana motsa masa gaɓoɓi, mace mai haƙuri, Allah ya saka mata.

Ka san abin da ya fara tambaya da muka shigo gida? Bai tambayi abinci ba, bai tambayi jikoki ba. Akwatin agogunansa ya ce in kawo. Na ɗora masa a cinya ya buɗe da hannu ɗaya, ya bi su da ido kamar mai kiran sunan 'yan aji. Duk sha ɗayan suna nan: mai shiga ruwa, mai maɓallai uku kamar rediyo, da ƙaton nan da makaranta ta ba shi shekarar da yaransa suka ci gudun miƙa sanda. Gida na sha biyu yana nan fanko. Naka da ka ba shi kuwa, siririn nan mai baƙin maɗaurin fata, yana cikin durowata tare da zare da allura, inda ya jefa shi.

Ya zaɓi ƙaton ya sa na ɗaura masa. Yanzu ya samu aikin yi. Kullum da safe sai ya tsaya bakin gado, ya danna maɓalli, ya kama hanyar ƙofar falo. Ranar farko sakan casa'in da huɗu. Jiya tamanin da ɗaya. Yana rubutawa a bayan kalanda. Shekara talatin yana tsaye bakin fili da usur a wuya yana auna gudun 'ya'yan mutane, yau ga shi yana auna kansa daga gado zuwa labule. Na yi dariya a gabansa, na shiga kicin na share ido.

Ya kamata ka zo, Auta. Ban ce ka rufe shago wata guda ba. Kwana biyu ma zuwa ne.

Ka gaida ƙanwata, ka ce mata na gode da bargon. Ka shafa mini kan yara.

Taka,
Matar yayanka

*

Zuwa ga Auta,

Ina gaishe ka da iyali duka, da fatan wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Amsarka ta iso, layi huɗu cif. Na gode da addu'a. Maganar ɗinkin da ya yi maka yawa kuwa na karanta, na ajiye ta inda ake ajiye irinta.

Makonnin nan ba su yi mana daɗi ba. Lissafin yayanka ya sauko har sakan sittin da ɗaya, sai ya tsaya cak. Kwana goma yana sittin da ɗaya, sittin da uku. Ranar Laraba ya koma saba'in. Likitar ta ce haka jiki yake, yana tafiya yana hutawa, amma wa zai gaya wa Koci haka? Ya ce da bakinsa, ya sha korar yara daga ƙungiya waɗanda suka fi shi ci gaba. Ya daina cin abincin kirki. Tsofaffin 'yan gudunsa sun zo gaishe shi har sau biyu, ya ce in ce musu yana barci, alhali ina ganin idonsa biyu.

Ranar Juma'a da hantsi ina wanke-wanke na ji ƙara. Ya jefar da sandar wai tana cinye masa sakan biyar. Na same shi a ƙasa tsakanin ɗaki da falo, goshi ya fashe, kuma abin da ya fi ƙona mini rai, yana kwance yana ƙoƙarin danna maɓallin ya tsayar da lissafi. Sai da maƙwabcinmu direba ya shigo muka ɗaga shi. An yi masa ɗinki uku. Ba irin naka ba, nasu bai da kyau.

Yanzu ga laifin da na yi, kuma ban tuba ba. Da ya yi barcin rana na kwance ƙaton daga hannunsa, na haɗa da akwatin gaba ɗaya, na kai wa matar direba ajiya. Da ya farka ya gane, ya kira ni da cikakken sunana, abin da rabon da in ji tun muna sabon aure. Ya ce, "Ƙafa ta tafi, hannu ya tafi, ke kuma kin zo kin kwashe sauran." Na ce masa ƙafa ban san inda take ba, amma agoguna na san inda suke, kuma ba za su dawo ba sai ya daina tsere da kansa. Kwana huɗu bai ce mini uffan ba. In yana son ruwa sai ya ƙwanƙwasa kofi.

Abin da ya karya mini zuciya shi ne hannun. Ka san wurin da agogo ke zama, fatar ta yi fari kamar an zana. Duk bayan 'yan mintoci sai ya juya wuyan hannun ya duba, ya ga babu komai, ya mayar. A rana ta biyar na kasa jurewa. Na buɗe durowata na ɗauko naka, na goge, na ajiye a gefen kofin shayinsa.

Auta, bari in faɗi abin da muka shekara uku muna zagayewa. Ba ɗinki ne ya hana ka zuwa ba. Ina wurin ranar walimar ajiye aikinsa. Na ga yadda ka miƙa masa ɗan akwatin da hannu biyu, ka ce tarin agogon da babu na ado a ciki kamar sif ne cike da kayan aiki babu rigar fita. Na kuma ga yadda ya ɗaga shi sama a gaban jama'a ya ce wannan ai agogon wanda ba shi da wurin zuwa ne, ko tsinken sakan babu, a kai wa masu zaman ofis. Kowa ya yi dariya, har da kai. Amma ni na raine ka tun kana ɓoye mini takalmi, na san dariyarka ta gaske. Ƙanwata ta gaya mini shago nawa ka zaga kafin ka samu wanda ya kwanta maka. Shi ya riƙe ka tun rasuwar Baba, kana so sau ɗaya kai ma ka ba shi abin da zai ɗaura, ya mayar da abin wasa. Bai kyauta ba, kuma na gaya masa tun a mota.

Akwai kuma tsoro. Ba ka son ganin mutumin da ke ɗaukarka a wuya yana jan ƙafa. Ni ma ban so ba, amma ba a tambaye ni ba.

Ba faɗa nake maka ba. To, faɗa ne, amma na ƙauna. Ka gaida mutan gidan.

Taka har kullum,
Matar yayanka

*

Zuwa ga Auta, sarkin 'yan gayu,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Yaya gida, yaya ƙanwata, yaya mai sunan Baba da tarin da aka ce yana yi? Allah ya sawwaƙe. Ba ka amsa takardata ta biyu ba, kuma ban yi mamaki ba. Wanda aka taɓa wa gyambo ba ya godiya nan take.

Zauna da kyau, labari ne da ni.

Agogonka ya kwana biyu a gefen kofi, yayanka yana kewaye shi kamar kaza ta ga baƙon hatsi. A rana ta uku na leƙo na ga ya kara shi a kunne. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Wannan abin ma a mace yake." Maganar farko ke nan da ya yi mini cikin mako guda. Na ce ba a mace yake ba, irin wanda ake murɗa wa ɗan kunnen gefe ne kowace safiya, in ba a murɗa ba ya yi zuciya, kamar wasu.

Likitar gashi tana shigowa ta gan shi da shi, sai idonta ya kawo haske. Ta ce daga yau da yatsun hagu zai riƙa murɗawa. Auta, ka san ƙanƙantar kunnen nan, bai kai ƙwayar wake ba. Ranar farko babban yatsa da manuni suka ƙi haɗuwa. Ya yi gumi sharkaf, ya zagi agogon, ya zagi wanda ya ƙera shi, ya taɓa wanda ya saya kaɗan. Amma bai ajiye ba. Kwana tara ana wannan dambe. Ranar da ya ji ya fara ƙyas-ƙyas da ƙarfin yatsunsa, ya ƙwala mini kira har na ƙone hannu da murfin tukunya. Ya kara mini a kunne.

Tun ranar yake ɗaure da shi. Ba nauyi, ba ya jan hannun ƙasa kamar ƙaton. Ya gwada auna tafiyarsa da shi, ya ga ba hali. Tsinke biyu ne, ya tashi daga gado ya isa labule ko motsi ba su yi ba. Ya tsaya ya harare shi, ya ce to tunda ba ya ganin ƙaramar tafiya, bari a ba shi babba. Sai muka fita ƙofar gida. Washegari muka kai shagon mai aski. Yanzu kullum da la'asar muna zuwa har wurin mai sayar da jarida a bakin titi, mu zauna a bencinsa ya huta, mu dawo. In na tambaye shi minti nawa muka yi, sai ya duba ya ce, "Kamar ashirin." Koci fa, da bakinsa, "kamar".

Zan gaya maka wani abu da kunya ta hana ni gaya wa 'ya'yana. Shekara talatin da huɗu da aurenmu, ban taɓa tafiya kafaɗa da kafaɗa da yayanka ba. Kasuwa, asibiti, gidan suna, kullum yana gaba da taku goma yana waiwaye yana duba hannu, ni ina baya ina haki. Na fi sanin ƙeyarsa da fuskarsa a kan hanya. Yanzu hannunsa na hagu yana cikin nawa, yana nuna mini gidan da aka sake wa fenti, yana tambayata sunan bishiyar da ya wuce sau dubu. Ba na fatan ciwo ga kowa, Allah ya sani, kuma ina roƙon ya warke sarai. Amma in ya warke ya koma gaba da taku goma, zan yi kewar wannan la'asar.

Shekaranjiya na karɓo akwatin daga matar direba na ajiye masa. Ya buɗe ya daɗe yana kallo. Da yamma Barewa ta zo, tsohuwar ɗalibarsa da ta fi kowa gudu a zamaninta, yanzu ita ke horar da yara a tsohon filinsa. Wannan karon bai yi barcin ƙarya ba. Sun yi awa biyu suna hira, da za ta tafi ya ciro ƙaton ya ba ta, ya ce agogon fili a fili ya kamata ya tsufa. Ta yi kuka, shi kuma ya yi ta gyaran murya.

Da ta tafi na tsokane shi. Na ce to Koci, yanzu ka yarda kowane akwati yana buƙatar agogon ado? Ya ce sam. Ya ce shi har gobe bai ga amfanin agogon ado ba, wannan na hannunsa agogon aiki ne, tunda shi ya tayar masa da yatsu, kai ne dai ba ka san abin da ka sayo ba. Ka ji yayanka. Ko a bakin kabari ba zai ce an kayar da shi ba.

Sai ya shiga shafa maɗaurin da babban yatsa. Can ya ce, "Yaron nan ya iya zaɓe. Ni ne ban iya karɓa ba." Bai ce in gaya maka ba. Bai kuma ce kar in gaya maka ba, kuma ya ga biro a hannuna.

Ga saƙon da ya ce in rubuta. Barewa ta gayyace shi ranar rufe gasar makarantu, ƙarshen wata mai zuwa, shi zai miƙa kofi. Ya ce ba zai je da kayan motsa jiki ba. Yana son farar riga mai dogon hannu, wadda bakin hannunta zai rufe agogon ya bar gefensa kaɗan yana leƙowa, yadda ka taɓa kwatanta masa yana maka dariya. Ashe yana ji. Ya ce tela ɗaya ya sani a duniya.

Na ɗauko tef zan auna shi in aiko maka, ya janye hannu. Ya ce jikinsa ya sauya, kafaɗar hagu ta sauka, hannun ya rame, ni ba zan iya ba, ɓata yadi kawai za a yi. Ya ce awon irin wannan jiki sai mai ɗinkin da kansa.

Don haka babu awo a cikin wannan takarda, kar ka wahalar da kanka da juya ta. Na wanke zanen gadon ɗakin sama. Motar safe tana isowa kafin la'asar, in ka samu ta farko za ka tarar da mu ba mu fita ba, sai ka kama masa ɗaya hannun.

Ka gaida ƙanwata da yara. Ka taho da tef ɗinka.

Taka mai jiran ganinka,
Matar yayanka