Jibo Ya Ce Ni Zan Zaɓa Masa Mota

Malam, don girman Allah ka taimake ni da shawara, abin nan ya fi ƙarfin kaina.

Ni mutumin Wanke ne, manomi, da rani kuma ina bin jakuna da gishiri da goro. In jaki ne, daga nesa na hango tafiyarsa na san abin da zai iya ɗauka. To amma mota fa? Ina ni ina mota!

Ɗana Jibo, shi kaɗai gare ni namiji, tun da aka fara aikin hanyar jirgi ya tafi Gusau ya liƙe wa wani makaniki a Sabon Gari. Yanzu ya ƙware, har yabonsa ake yi. Bara wata babbar motar gyada ta karye a hanyar Tsafe, masu ita suka yar, shi ya kwance injin ya gyara. Ran da ya tada injin a kan gungume, jakina ya tsinke igiya. Wai wanga abu da aka yi don jan buhunan gyada, shi zai cusa cikin tsohuwar motar hawa, don ya riƙa kai masu sayen auduga kasuwa kafin kowa. Haka ya ce. Ni dai na haife shi, na san gudun yake so.

A gidanmu tun kakanni, yaro ba ya zaɓen abin hawansa na fari. Uba ke zaɓa, ya dafa, ya sa albarka. Na zaci zaman Gusau ya mantar da shi, ashe a'a. Ya zo ya durƙusa ya ce motoci biyu ya samu, wadda na dafa ita zai sa wa injin. Da ma ya manta, wallahi da na fi samun sauƙi.

Ta farko ƙarama ce, kyakkyawa, fentinta bai ko dushe ba. Wani Bature ya bar ta a rumfa ya tafi ƙasarsu, shekaru tana ajiye, ko kaza ba ta taɓa takawa ba. Ƙafafunta na itace ne, sirara. Ita Jibo ke kallo yana murmushi, wai ba ta da nauyi.

Ta biyu ƙatuwa ce, baƙa, mummuna, duk ƙarfe. Kuma na san ta. Ita ce ta gangara gulbi kusa da Bungudu da direbanta, ina cikin waɗanda suka ja igiya aka fito da ita. Motar ko lotsewar kirki ba ta yi ba, mutumin kuwa mun tarar ya cika, ƙirjinsa a kan sitiyari. Har yau ina ganin fuskarsa. Uwar Jibo, Uwani, ta ce abin da ya ɗanɗani jini sai ya ƙara, ta rantse in na dafa wagga mota ba za ta yafe mini ba. Tuwo ma ta daina ci sosai.

Idona na mai jakuna yana ce mini ƙatuwar ce mai ƙashin ɗaukar injin, zuciyata ta ƙi. In na hana shi duka, zai tafi Zariya ya yi abinsa inda ba na gani, ba albarka ba komai. In kuma na zaɓa, aka kawo mini shi naɗe a tabarma, hannuna ne ya nuna. Tsoro nake ji, Malam, irin wanda ban taɓa ji ba ko a dajin 'yan fashi. Wace zan dafa?

Uba mai fargaba, Wanke

Baba mai fargaba,

Allah ya sanyaya maka zuciya. Tsoronka yana kan hanya, domin inji mai ƙarfi a jikin da ba nasa ba hatsari ne na gaske. Amma ka gode Allah da ɗan da ya iya ƙarfe, bai kuma raina hannun ubansa ba.

Kyakkyawar nan ita ta fi ba ni tsoro. Ba ta kashe kowa ba ne don ba ta fita ba. Irin waɗannan motoci akwai katako a ƙarƙashin fentinsu, kuma ka fi ni sanin aikin gara a kan abin da ya daɗe a rumfa. Ka je da wuƙarka ka soka ƙafafun da gindin ƙofofin, a gaban Jibo. Ko ka same ta lafiya, an ƙera ta ne don ƙaramin inji. Babba zai murɗe ta.

Ita kuwa baƙar, ƙarfe ba ya shan jini, kuma ajali na hannun Allah. Sai dai kada ka yi wa Inna Uwani dariya, domin akwai gaskiya a cikin tsoronta: motar ta fito lafiya, mutumin bai fito ba. Ƙarfin jiki bai cece shi ba. Saboda haka ku nemi waɗanda suka san yadda abin ya faru. In birki ne ya ƙi, kun san aibinta, kuma aibin da aka sani ana gyara shi. Kada ka dafa ta sai an sake birki da tayoyi, maigidansa makaniki ya duba ƙashinta ya ce zai ɗauka. In ya ce ba zai ɗauka ba, ka ƙi duka biyun, Jibo ya nemo ta uku. Ka zauna da Uwani ka gaya mata dalilinka, ku yi sadaka tare, kada ta ji labari a bakin maƙwabta.

Sharaɗi na ƙarshe shi ne mai wuya, kuma a kanka yake. Ka gaya masa ran da zai fara fita da ita, daga Gusau har gangaren Bungudu, kai ne za ka zauna kusa da shi. Yaron da ya san ubansa zai shiga, zai ɗaure kowace ƙusa sau biyu, ƙafarsa kuma za ta koyi taka birki kafin ta koyi gudu. In ya ce motar ba ta kai ta ɗauke ka ba, to ba ta kai ta ɗauke shi ba.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo wa Uwani da ku duka biyu.