Littattafan da Na Ƙwato a Hannun Masu Tsire

Zuwa ga Kawu Dabo,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga Fagge, da fatan kai da iyali kuna lafiya a Biu. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sassauta ciwon gwiwar nan. Inna lafiyarta ƙalau. Ɗan 'yar'uwata Mahbuba ne dai sikilarsa ta sake tashi, ya yi kwana huɗu a asibiti, amma an sallame shi.

Kawu, Inna ta faɗa mini ka ce karatu ya isa haka, digiri biyu ba wasa ba. Ka saurare ni tukuna. Ka san ɗakin gwajin jinin da nake aiki a Sabon Gari, na Madam Philomena. Shekara goma sha biyu tana rubuta sakamakon yara masu sikila da hannu, a manyan littattafai. Watan jiya maigidanta ya share sito, ya kwashe su ya ba masu tsiren unguwar Bata su riƙa naɗe nama, yadda ake yi da tsohuwar takarda. Da na ji, wallahi har hawaye na yi don takaici. Na bi su tebur-tebur ina roƙo, wani ma ya tambaye ni ko ni ma tsiren zan fara. Cikin sha ɗaya na ƙwato tara, wasu duk sun sha mai da yaji.

Da izinin Madam na shigar da su kwamfuta, na cire sunayen yaran. Sai na rubuta wa wata farfesa a Afirka ta Kudu, wadda jami'arta ke neman ɗaliban digirin dakta. Aikinsu shi ne tsara wa kwamfuta hanyar lissafi, ta duba sakamakon gwaji masu yawa ta hango yaron da ciwo ke shirin kayarwa tun bai kwanta ba. Ta amsa cewa irin bayanan nan suke nema ido rufe, in cike takarda, ɗawainiyar shekara uku tana wuyansu.

Na san damuwarka, mace ita kaɗai a ƙasar da ba dangi. Ni ma ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Amma zomo ba ya kamuwa daga zaune, kuma na gaji da riƙe hannun ɗan Mahbuba yana kuka ba ni da abin yi sai sannu. Inna ta ce ta yarda, sai dai ba za ta tsallake maganar yayanta ba. Ni ma ba na so in tsallake.

Ka gaida Gwaggo da Sadisu. Mahbuba tana gaishe ka.

Na cike komai, turawa kawai ta rage, kuma ranar Juma'a ake rufewa. Zan tura, Kawu. Roƙona dai in tura da albarkarka.

Taka ɗiya,
Zinariya