Igiyar da Ba a Ja Tamau

Baba,

Ina gaisuwa daga tsibirin Langkawi. Ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sai hannuna da igiya ta ɗan saɓule, bai kai a gaya mata ba.

An ba ni gyaran igiyoyin da ke tare ƙyallen jirgin ruwa, wanda iska ke turawa, in an sauke shi. Na ja su tamau, yadda ka koya mini a garinmu Tana Beru. Ashe sako-sako ake barinsu. Suka ci ƙyallen har ya yage. Maigidana Rosli ya ce, "Kai Sapri, saniya na ce ka ɗaure? Ka gyara kafin Juma'a, ko ka kama hanyar garinku."

Ba zan dawo da kunya ba, Baba. Gobe zan sake hawa dogon turken da ake rataya ƙyallen. A taya ni addu'a, hannun da ka horar ya koyi sassauci.

Ɗanka, Sapri